Sabuwar Muryar Mashin Ɗin Baba

Har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da shekarar da na tsaya kai da fata a kan tsohon mashin ɗin Baba ba. Mutanen gidanmu har yau suna cewa taurin kai ne. Su faɗa, ni dai ban yi nadama ba.

Allah ya jiƙan Baba, bai bar mana komai ba sai gonar shinkafa a fadamar Gummi da wannan mashin. Irin na da ne, mai zagayayyar fitila da doguwar kujera, jan tankinsa duk ya koɗe. Inna ta san ƙararsa fiye da muryar wasu 'yan uwanta. Tun Baba yana kwanar masallaci take cewa a shimfiɗa tabarma, ga Malam nan. Bayan rasuwarsa ni na ci gaba da hawa, kuma na sha ganin ta ɗago kai da sauri in na shigo, sannan ta mayar da shi ƙasa.

Aibinsa ɗaya, ba ƙarfi. Injin ƙarami ne, ga tsufa. Ka ɗora masa buhu ɗaya na shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi da ba a casa ba, in ka zo hawan gaɓar fadama sai ka sauka kana turawa kana haki.

Wata rana yayana, babban gidanmu, ya dawo daga kasuwar Anka da hoto a waya. Wani dillali ne ya nuna masa sabon samfurin da ake cewa yana nan tafe. Siffar mashinan da ce sak, fitila da kujera da komai, amma an ƙara wa injin girma.

Ya ce, "Ka gani? Kamannin na Baba, ƙarfi na zamani. Mu kai wanga ga 'yan gwangwan, in sabon ya iso mu cika mu saya."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Haba Yaya! Masu ƙera shi sun koma suna kwaikwayon namu, mu kuma mu kai namu a auna shi a sikeli? Wallahi ba da ni ba. In girman inji ne, a ƙara wa wannan."

Ya dube ni ya yi murmushin manya. "To, sarkin gardama. Ga shinkafar rani nan ta kusa. In bai fidda ta daga fadama ba, ranar kasuwa za shi tahi, ko kana birgima."

Na ce na yarda.

Na tura shi garejin wani dattijon bakanike a cikin Gummi. Ya kwance injin, ya kai bulok ɗin aka faɗaɗa raminsa, ya sa babban fistin da sababbin ringi, ya gyara kabreta ta riƙa ba shi mai daidai cikinsa. Da zai miƙo mini makulli ya riƙe hannuna. Ya ce, "Sabon fistin kamar sabon takalmi ne. Ba gudu, ba kaya, sai ya zauna. In ka matsa mai ya ƙone, kada in ga ƙeyarka nan."

Na buga kik. Kai! Wata irin ƙara ta tashi, mai kauri, tana dukan ƙirji. Na taho gida a hankali bakina har kunne. Ina kashe shi a zaure na ji Inna daga ciki tana cewa, "Wane ne baƙon?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta fito ta tsaya. Ta ce in sake tayar da shi, na tayar. Ta ɗora tafinta a kan tanki, can ta ce, "Jikinai ne, amma ba muryatai ba ce." Ta juya ta koma ciki.

Wannan magana ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa kawo wa raina cewa ƙarar ma gado ce ba. Na zauna a zauren nan ina jin kamar in koma in ce a mayar da tsohon fistin. Amma in na mayar, hawan gaɓa zai gagare shi, Yaya ya kai shi a farfasa. Na cije na ce gara Inna ta rasa muryar da ta rasa shi gaba ɗaya.

Sai kuma dariyar gari. Kafin aikin na cika baki a teburin mai shayi cewa mutane za su ga inji. Yanzu ga ni ina rarrafe a titi, masu keke suna wuce ni. Wani ya ɗaga murya, "Mai babban inji, a ba ka hanya?" Wani ya ce ko fistin ɗin na manta shi a aljihu. Har wani ɗan acaɓa ya sha gabana yana murza totur, wai mu yi tsere zuwa hanyar Bukkuyum. Hannuna ya yi ƙaiƙayi, Allah ya sani. Na ce masa, "Je ka abinka, ba don kai aka yi aikin ba." Haka na yi ta haɗiye gori har bakaniken ya canza mai, ya kasa kunne ya ce injin ya zauna.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun gama bugun shinkafa, mun ɗure shanshera a buhuna, sai damina ta yi mana sammako. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, gulbi ya fara cikowa, fadama ta zama laka. Mai amalanken da muka kira ya leƙo ya ce ba zai karya ƙafar shanunsa ba. Yaya ya tsaya a kan buhunan yana salati.

Na ce, "Ɗora mini biyu."

Ya ce, "Kai, mi kake nufi? Ɗaya ma ba ya iyawa."

"Ɗora, Yaya."

Muka ɗaure su tamau. Na sa giya ɗaya, na yi bisimilla, na nufi gaɓa. Tayar baya ta yi ta watsa laka, mashin ya karkata har na dafa ƙasa da ƙafa, na ce shi ke nan, yau za a ji kunya. Sai ya yi wani gurnani ya kama ƙasa ya haye. Ina kaiwa sama na kurma ihu kamar mahaukaci. Na sauke, na koma, na ɗauko, na koma. Ruwa yana lasar gefen gona muka fitar da buhun ƙarshe.

Ya rage saura Yaya, laka har gwiwa, takalminsa ɗaya ya tafi. Na matsa masa gaba kawai. Ya hau baya. Mun yi nisa kafin ya yi gyaran murya ya ce, "Ashe da sauransa." Iyakar ban haƙurin da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Sabon samfurin ya iso daga baya, yana da kyau, ban musa ba. Namu dai yana nan a zaure, ba wanda ya sake kawo zancen sikeli.

Abin da na koya shi ne, wani lokacin ba ka iya riƙe abin da aka bar maka sai ka yarda wani ɓangarensa ya tafi, kuma kai za ka ɗauki zafin. Inna ta daɗe ba ta ɗago kai in na shigo. Sai wata ranar Juma'a, ina kashe mashin a ƙofar gida, na tarar da tabarma a shimfiɗe. Ƙanwata ta ce tun ina kwanar masallaci Inna ta ce a fito da ita, wai ga mai taurin kan nan ya dawo.