Jajayen Turakun Lamadji

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kashe yayana Haruna a bakin wani kwari a Lamadji, can gefen gari, da hantsi, ranar Asabar. Har yau masu yi mini gaisuwa kan ce rikicin manoma da makiyaya ne ya rutsa da shi. Ba haka ba ne. A ranar nan, manoma da makiyaya bakinsu ɗaya.

Mu 'ya'yan mahauta ne daga unguwar Mardjandafak a cikin gari. Ni na zama malamin makaranta, shi kuma ya karanci ilimin zamantakewa, ya duƙufa kan yadda mutane suke zama da ƙasa da ruwa. Mahaifinmu bai taɓa gane wannan sana'a ba. Yakan ce, “Haruna, wai aikinka ke nan, ka tambayi tsoho inda ruwa ya tsaya? To ni ma tsoho ne, zo ka tambaye ni inda tsoka ta tsaya.”

Damina uku ya yi yana zama da dattawan Lamadji, Fulani masu shanu da manoman kuɓewa. Kowanne ya nuna masa iyakar da ambaliya ta kai a zamanin kakansa: gindin tsamiya, tsohuwar rijiya, wani tudun gara. Ya ce taswirar ofis takarda ce, ta gaske tana cikin kawunan tsofaffi, kuma kullum ana binne ta ɗaya bayan ɗaya. Sai ya yanke shawarar kafa turaku a kan wannan iyaka, don gari na tahowa, kada wani ya yi gini a hanyar ruwa.

Farin fenti ya so shafa musu. Ni na hana. Na saba gyaran jarrabawa da jan alƙalami, na ce masa ja ya fi fitowa daga nesa. Ya fito kuwa.

Abin da mu biyu masu ilimi ba mu lissafa ba, duk wata mai tallan nono ta san shi: a bayan garin nan jan turke alamar masu awon fili ce. Yau turke, gobe katafila, jibi gonarka ta zama gidan wani. Shekara guda kafin wannan aka yi wa mutanen unguwar da ke kusa haka, kuma da yawansu nan suka dawo. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Su ba su gudu ba.

Muna kan turke na tara mutanen wurin suka iso, manoma da makiyaya, da gora da adda da fartanya. Dattawan da suka san shi duk sun tafi jana'iza. Wani dogo ya yi ihu, “Nawa aka sayar da mu?” Haruna ya ɗaga hannuwa, ya yi bayani da Larabci, ya sake da Fulatanci, ya koma Hausa. “'Yan'uwa, ruwa nake aunawa, ba fili ba!” Dogon ya ce, “Na bara ma haka suka ce.”

Dutse ya fara samunsa a goshi. Ya durƙusa yana laluben tabarau, gora ta sauka a kafaɗarsa, na ji ƙarar ƙashi kamar a rumfar mahaifinmu. Na faɗa kansa, suka fincike ni, suka karya mini hannu. Wani ya zare turken da muka kafa yanzu, fentin bai bushe ba, ya maka masa a ƙeya. Sau uku. Littafinsa mai bayanan damina uku suka yayyaga, suka tattake a laka. Lokacin da Jauro, dattijon Fulanin da ya fi shaƙuwa da shi, ya iso a guje yana cewa “Kai! Malam ne! Namu ne!”, babu wanda zai ceta. A rigar Haruna ban iya raba fenti da jini ba.

Yanzu kwarin ya cika da gidajen bulo. Damina ta zo musu ba sau ɗaya ba, ruwa ya shiga ɗakuna, katangu sun danne mutane, an yi ta fito da tabarmi a kwalekwale. Da yana nan ba zai ce “na faɗa” ba, ba halinsa ba ne. Zai ja kujera ya tambayi matar da gidanta ya rushe wa ya sayar mata, me ya koro ta daga inda take. Ya sha gaya mini cewa talaka ba ya gini a kwari don jahilci, sai don tudu ya riga ya yi masu shi. Ina jin har waɗanda suka kashe shi zai nema wa bayani. Ni ban kai nan ba.

Watan jiya na koma wurin. Turke ɗaya ya rage, na gindin tsamiya, kuma ruwan bara a ƙafarsa ya tsaya, ga shatarsa a jikin itacen. Wata mai ƙosai ta ga ina kallo ta ce, “Baba, fili kake nema? Kada ka sayi filin da ke ƙasa da turken nan, ko kyauta aka ba ka.”

Na ce, “Wa ya kafa shi?”

“Oho. An ce wani mai awon fili ne. Mu dai duk shekara muna sabunta masa fenti.”

Ja suke shafa masa.