Ranar da Aka Sauke Allon Shagon Yaya

Yayana ya yi shekaru yana aiki a wani shagon shan kofi a ƙasar Larabawa. Da ya dawo Dutse sai ya kama haya a Takur ya buɗe nasa. Sunan wancan shagon ya saka masa, har da koren fentin da zanen kofi mai tururi. Lokacin na gama sakandare ina zaune a gida, sai ya ce in riƙa dafa masa shayi ina soya ƙwai.

Kasuwa ta buɗe. Ɗalibai sukan tsaya a ƙarƙashin allon shagon su ɗauki hoto su watsa a waya. Ta nan wani ɗan kasuwa a Kano ya gani, ashe shi ya sayi izinin amfani da sunan a Najeriya. Ya turo lauyansa.

Lauyan ya zauna, ya ce, "Malam, sunan nan da mai shi, an yi masa rajista. Ka canza tun magana tana tsakaninmu."

Yaya ya ce, "Gumina ya zuba a ƙarƙashin sunan nan tun maigidanka bai san da shi ba. Tashi ka ba ni wuri."

Aka kira shi kotu, ya ƙi zuwa. Aka yanke hukunci ba ya nan.

Wata rana da hantsi ma'aikatan kotu suka iso da ɗan sanda, da wani magidanci mai walda da suka ɗauko ya kwance allon. Ya kafa tsani ya hau. Yaya ya fito daga ciki idonsa jawur, ya sa ƙafa ya hankaɗe tsanin. Mutumin ya faɗo, allon ya biyo shi. Na ji ƙarar ƙafarsa kamar an karya busasshen kara.

'Yan acaɓan da ke bakin layi suka zaci hari aka kawo mana, suka taho da duwatsu. Gilashin ƙofa ya tarwatse. Ɗan sandan ya maka wa Yaya gindin bindiga a baki, jini ya wanke masa riga, amma bai saki wuyan wani ma'aikacin kotu da ya shaƙe ba. Na fito da gudu, ban ma san butar tafasasshen ruwa tana hannuna ba. Wani ya bangaje ni, ta kife mini a damtse. Da aka zare hijabina, har da fata ya tafi.

Daga ranar shari'ar ta tashi daga ta suna, ta koma ta jikkata mutum da hana kotu aikinta. Aka tsare Yaya.

Da na ɗan samu sauƙi, Inna ta tafi da ni Taura mu gaishe da mai waldar. Muka same shi kwance a zaure, an yi masa ɗori. Inna ta durƙusa tana kuka tana ba shi haƙuri.

Ya ce, "Hajiya, tashi. Ni ko rubutun da ke jikin allon ban iya karantawa ba. Aiki aka kira ni." Ya dubi hannuna, ya ce, "Ke ma kin samu rabonki, 'yata."

Ya yafe, amma kotu ba ta yafe ba. Yaya ya yi watanni a gidan yari, ya fito babu haƙoran gaba, ya tarar mai sayar da wayoyi ya kama shagon. Mai waldar bai ƙara hawa tsani ba, da ɗingishi yake tafiya. Yaya ya koma gonar Baba a Kiyawa, kuma duk kaka yakan ɗora buhun gero a babur ya kai wa mai waldar Taura da kansa.