Motar Malam Talle Mai Kujera Biyu

Malam Talle malamin dabbobi ne a Batagarawa, gidansa kuwa yana Kambarawa. Shekara da shekaru tsohuwar motarsa ce motar unguwa. Kullum da safe sai ya cika ta da maƙwabta, ya rage musu hanya.

Da tsufa ya kwantar da ita, ɗansa Ashraf ya aiko masa da wata ja daga Legas, 'yar ƙarama, cikinta kamar ya taɓa ƙasa, kujera biyu rak. Gudu kam ba a magana.

Ranar farko ya tarar da dattawa huɗu a bakin masallaci suna jiransa. Ya rasa yadda zai yi, ya ɗauki liman. Alhaji Babaji mai goro ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Talle, an girma! Mu kuma a aljihu za ka zuba mu?"

Kowa ya yi dariya ban da shi.

Sayar da kyautar ɗa abin kunya ne, wuce maƙwabci a tsaye kuma ya fi. Yanzu ta bayan layi yake sulalewa zuwa aiki, kujerar gefensa ba kowa, unguwa na cewa Talle ya koyi rowa.