Ambulan da na ɗinke da jan zare

Gara nake tsoro. Tun da aka kawo ni gidan nan na Gangara na ga yadda take cin azara, na sa a raina wata rana za ta kai ga takardun maigidana. Shekara biyar ya yi a Yamai yana karatun injiniya, na rijiyoyi da madatsun ruwa, ya ƙara biyu yana bautar ƙasa, kuma duk abin da ya taho da shi gida takardu ne da ba su kai kaurin faifai ba. Ni aji uku na yi a lakol, makarantar boko, ba na iya karanta abin da ke cikinsu, amma na san su da kamanninsu: mai tambari shuɗi, mai hoto, mai gefen da ya ɗan yage. Na sa su cikin leda, na sa ledar cikin kwalla, na aza kwallar bisa sauran kwanoni. In hadari ya taso, kafin in kwashe shanya sai na duba su.

A daminar da ɗiyata ta shekara ɗaya aka faɗa a rediyo gwamnati za ta ɗauki injiniyoyi. Sai an yi konkur, wato jarrabawar shiga aiki, kuma guraben kaɗan ne. Kafin mutum ya zauna jarrabawar sai ya kai dosiye Maraɗi, takardunsa duka cikin ambulan guda, a karɓa a ba shi ƴar takardar shaida. Akwai iyakar shekaru. Takardar haihuwar maigidana ta girme shi da shekara biyu, don lokacin da aka zo ɗibar yara lakol da ido aka kimanta shi, shi kuma dogo ne. Wannan konkur ita ce ta ƙarshe da shekarunsa za su shiga.

Sati uku yana zirga-zirga tsakanin Gangara da Gazawa bisa kabu-kabu, yau tambari, gobe hoto, jibi mai sa hannu ya tafi ta'aziyya. Ranar da dosiye ya cika, saura kwana huɗu a rufe karɓa. Ranar kuma zazzaɓi ya kama ɗiyata har idanunta suka kafe. Muka kwasa sai gidan likita a Gazawa. Ina riƙe da rigar maigidana ina cewa, “Malam, kada ka bar ni da ita ni kaɗai.” Ni na faɗa, ban manta ba.

Taubashinsa ya zo duba mu. Ɗan gwaggonsa ne, tare suka tashi, karatu ɗaya suka yi, shi ma konkur ɗin yake nema. Tun yarinta ba ya kiran maigidana sai da “bawana”, ni kuma “matarmu”.

“Bawana, kawo takardun naka in haɗa da nawa. Gobe da sassafe ina Maraɗi. Ka zauna ka yi raino, shi ka fi iyawa.”

Haka muke yi a nan. Wanda zai hau mota shi ke ɗaukar saƙon kowa, daga daddawa har takardar gona, kuma kunya ce ka ce wa ɗan'uwa ba ka yarda da shi ba. Kafin in ba shi ambulan na sa shi cikin leda biyu, na ɗinke bakin da jan zaren da nake yi wa ɗiyata hula, ɗinki ƙanana, na ƙulla ƙarshen sau uku. Kafin in ɗinke na cusa wata ƴar takarda ciki, addu'ar da babana ya rubuta mini da tawada.

Na ce, “Taubashi, akwai ayar Allah a ciki, kada ka aje shi ƙasa.”

Ya yi dariya. “Matarmu, buron gwamnati zan kai shi ko Makka?”

Ɗiyata ta tashi, Allah ya yi da sauran kwananta. Taubashi ya dawo ya ce an karɓa. Maigidana ya tambayi takardar shaidar, ya ce tana aljihun wata riga. Bayan sati ya ce an wanke rigar. Ni tun nan na fara zargi, amma na bar maganar, don maigidana ya duƙufa karatu. Yakan dawo daga gona ya shimfiɗa littattafai gindin itacen bedi, yana zane da lissafi har la'asar, ɗiyata na jan ƙafar wandonsa.

Da aka liƙa sunayen waɗanda za su zauna jarrabawa, babu nasa. Ya tafi Maraɗi da ƙafarsa. Suka buɗe babban littafinsu, suka bi layi-layi da yatsa, suka ce dosiye mai wannan suna bai taɓa shigowa ba. Taubashi ya riƙe baki, ya ce ma'aikata ne suka ɓatar, ya zage su tas. Kowa ya yarda. Aka ce ƙaddara. Maigidana ya tattara littattafansa ya ba taubashi, ya ce, “Ka ci mana mu biyu.” Ya kuwa ci.

Bayan kaka aka sa ranar walima a gidan su taubashi na Gazawa. Kwana biyu kafin nan na je taya matarsa aiki. Ta ce in sauko mata da manyan tasoshi daga kan kabad. Na taka kujera, na miƙa hannu can baya, yatsuna suka taɓa leda. Na jawo. Ƙura ta rufe ta, amma jan zarena na nan, ƙullina uku na nan, ko ɗinki ɗaya ba a warware ba.

Na daɗe tsaye kan kujerar. Abin da ya fara zuwa mini, me ya hana shi ƙona shi? Sai na tuna maganata. Na ce masa akwai ayar Allah a ciki. Ya ji tsoron sa wa aya wuta, ya ji tsoron jefa ta masai, sai ya aje ta sama inda ƙafa ba ta takawa. Na sa ledar cikin goyon ɗiyata, na sauko da tasoshin, na yi daka har azahar ina taya su waƙa.

Ban faɗa wa maigidana ba. Na san shi, zai kira taubashi bayan ɗaki, su yi magana ƙasa-ƙasa, a binne. Ni ba na so a binne.

Ranar walima kowace mace ta zo da gudummawarta cikin kwano da murfi, kamar yadda ake yi, ana buɗewa tsakar gida ana guɗa. Na wanke kwallar nan da nake ajiye takardunsa, na sa ledar ciki, na rufe, na ɗaure da sabon ɗankwali. Na jira har aka kira taubashi ya shigo mata su yi masa barka, da farar shadda tana ƙyalli, Gwaggo mahaifiyarsa a gefensa, Inna surukata zaune kan tabarma.

Na durƙusa na ce, “Taubashi, ga tawa. Da hannunka nake so ka buɗe.”

“Matarmu ta yi abin kai. Bawana ya sayar da akuya ne?”

Ya ɗaga murfin. Mai guɗa ta fara, ta tsaya a tsakiya.

Na ce, “Inna, kin san zaren nan, ke kika saya mini ranar kasuwa. Ki duba ko an taɓa buɗe shi.”

Inna ta karɓa, ta bi ɗinkin da babban yatsanta daga farko har ƙarshe, ta aje bisa cinyarta. Ta ɗago ta dubi taubashi.

Ya ce mantuwa ce. Ya ce ya isa an rufe. Ya ce da ya gane kunya ta hana shi faɗa. Magana uku ya yi, ba wadda ta yarda da ƴar'uwarta.

Gwaggo ta ce, “Ke yarinya, tsakanin taubasai ba a fushi. Wasa ne ya yi nisa.”

Na ce, “To Gwaggo, nawa ma wasa ne. Ai matarsa ce ni.”

Aka kira maigidana daga waje. Ya tsinke zaren da haƙori, ya zaro takardun ɗaya-ɗaya. Ga tambura, ga hotunansa huɗu da rigar da na goge masa da gawayi. Ya mayar da su, ya ɗauki ɗiyarsa, ya ce mu tafi. Shinkafar da aka dafa rabinta almajiran unguwa ma ba su cinye ba, don mata sun watse tun kafin la'asar, kowace da labari a bakinta.

Yanzu maigidana gyaran famfunan rijiyoyi yake yi a ƙauyuka, daga nan har Cadakori, da jakar ƙarafa bayan babur. Shekarunsa sun wuce, ba wata konkur. Wani lokaci taubashi ne ke zuwa da motar aiki duba rijiyar da maigidana ya gyara, ya sa hannu a takarda. Dattawa sun zo sau biyu wai in je in ba Gwaggo haƙuri, na tozarta ɗanta cikin mutane. Na ba su ruwa, na gaishe su, ban je ba.

Duk shekara in watan cika-ciki ya kama, lokacin da taubasai ke aika wa juna ƴar kyauta, ina aika wa taubashi tawa: allura da jan zare, cikin kwano da murfi. Matarsa ta ce ba ya buɗewa. Ba komai, ya san abin da ke ciki. Ina da zaren da zai kai ni shekaru.

Na sa an rubuta wannan ba don a sasanta mu ba. Mai karatu, kada ka zo mini da wa'azin yafiya, na ji shi har na ƙoshi. Abu ɗaya nake roƙo: in naka zai kai dosiye, ya kai da ƙafarsa, ya karɓo takardar shaida da hannunsa, ko da matarsa na riƙe da rigarsa tana kuka.