Ranar da Asabe ta kama sunana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin karyawa waya ta shigo daga Kudan, wai Hajiya Asabe ta Likoro ta rasu.

Na ture kunun na yi kukana. Can kuma sai ga ni ina dariya ni kaɗai, don wanda ya san Asabe ba zai iya tuna ta fuska a murtuke ba.

Ku yaran yanzu da kuka san ta da carbi da sanda, ba ku san komai ba. Kyaftin ɗinmu ce ta ƙwallon kwando a kwalejin horar da malamai mata, shekarun farko bayan samun 'yancin kai. Eh, mu ɗin nan da kuke gani! Wata malama baturiya ce ta koya mana a filin ƙasa, kwandon ma maƙeri ne ya lanƙwasa mana ƙarfe.

Ranar da na zo daga Paki da akwatina ina rarraba ido, ita ta sauke mini shi, ta nuna mini gado kusa da nata. In an dawo hutu kuwa, mazarƙwailarta ta kowa ce.

Sai dai sunana Dije, sunan mahaifiyarta ke nan, kuma Asabe ko da wasa ba ta kama shi. Inna take ce mini, har duk makaranta ta ɗauka. A fili in na ji "Inna!" ba na ko waiwaye, inda muryar ta fito nan nake jefa ƙwallo.

A shekararmu ta ƙarshe muka samu shiga gasar da ake yi a Zariya bayan an gama wasannin shekara. Kwalejojin da suka fi ƙoƙari ne kawai ke zuwa, wadda aka ci ta hau lori ta koma gida. Ba mu taɓa zuwa ba, kuma daga wannan sai barin makaranta. Muka yi ta lallasa su har fainal!

Waɗanda muka haɗu da su 'yan birni ne, idonsu a buɗe. Ashe sun zauna sun kalli wasanninmu sun gano mu. Ina riƙe da ƙwallo na ji "Inna!" daga hagu, na jefa, sai ga ta a hannun tasu. Na ji daga dama, na sake miƙa musu kamar mai rabon sadaka. Kafin ka ce kwabo sun wuce mu, 'yan kallo suna shewa suna "Inna, mu ma a ba mu!"

Da aka je hutun rabin lokaci, baturiya ta ce da Hausarta ta 'yan koyo, "Asabe, kira sunanta na gaskiya mana."

Asabe ta zaro ido. "Malama, sunan uwata ne fa. Gara a ci mu."

Muka koma muka yi ta fafatawa har ya rage maki ɗaya suka fi mu. Rafali yana duba agogo, usur a bakinsa. Ƙwallo tana hannuna, mutum biyu sun tare ni, ko'ina "Inna, Inna" ke tashi, na rasa wa zan ba.

Sai na ji an ce, "DIJE!"

Wallahi muryar Asabe ce! Na cilla ta saman kawunansu, Asabe ta cafe, ta ɗaga dogon hannun nan nata. Ƙwallo ta yi rawa a bakin ƙarfe, ta sake rawa, ta faɗa ciki. Usur!

Jama'a, ku zo ku ga guɗa! Ɗankwali sama, takalmi sama, baturiya tana tsalle kamar ɗan akuya. Kofi namu ne!

Asabe kuwa tana durƙushe ƙarƙashin kwando, hannu a baki, tana kuka. Muka dawo a lori muna waƙa. Daga ranar Asabe ta koma ce mini Inna, ni kuma ban taɓa tayar mata da zancen ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan babbar sallar da ta wuce ce, a bikin jikarta a Makarfi. Ta ja ni ɗaki, ta tura mini kwanon fura, ita da kanta ta ɗauko maganar.

"Inna, kin san da na koma gida sai da na durƙusa gaban tsohuwa? Na ce na kama sunanki a bainar jama'a, da ƙarfi kuma, ki yafe mini. Tana tankaɗe, sai ta ce, 'To ita ƙwallon, ta shiga?' Na ce ta shiga. Ta ce, 'Ato. Da ba ta shiga ba da ni da ke ne. Tashi ki miƙo min faifai.'"

Muka yi dariya har da hawaye, matan biki suna leƙowa su ga tsofaffin da suka rasa aikin yi. Ban san sallama muke yi ba.

Allah Ya jiƙan kyaftin ɗina, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sada ta da tsohuwarta a Aljanna Firdausi. Allah Ya ba 'ya'ya da jikoki haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya wuce bai yi musu addu'a ba, su biyun.