Makullin Akwatin Bindiga

Ni 'yar mai sayar da keken ɗinki ce, kuma duk wanda ya zauna da ni zai gane haka ko ban faɗa ba. Mahaifina bai taɓa barin keke ya fita daga shagonsa na Kano ba sai ya zauna ya taka shi a gaban mai saye, ya ɗinka ɗan ƙyalle, ya juya bayansa ya nuna yadda zare ya kwanta. Sabon samfuri kuwa ba ya kawo shi sai ya ji teloli sun gama shan wahalarsa a hannun wasu. Da wannan hali na girma, da shi na yi aure, da shi na biyo mijina Amurka. Har gobe ba na sayen kankana sai na ƙwanƙwasa ta, ko da Turawa na kallona.

A shekarar da muka koma Springfield aka fasa gidan maƙwabtanmu Habashawa, da rana tsaka. Matar gidan ce ta ba ni labari a bakin shara. Ta ce wata tsohuwa ta tsallaken titi ta ga farar mota irin ta masu gyaran famfo, ba rubutu a jikinta, wani ya fito ya buga ƙofa, da bai ji motsi ba ya zagaya ta baya. Ni kuwa a lokacin ina gida ina reno, babbar 'yarmu na makaranta, daga ni sai jaririya har yamma.

Mijina injiniya ne. Ya tsorata fiye da ni, amma shi ba ya cewa ya ji tsoro, sai dai ya ce yana tsari. Ya sauya makullai, ya sa fitila mai kama kanta, sannan wata Asabar ya shigo da ƙaramar jakar roba yana murmushi kamar wanda ya ciwo gasa.

Bindigar hannu ce, ƙarama, baƙa, mara nauyi. Ya ce irin mai ƙananan harsasai ce, waɗanda allurar bindiga ke sara a gefen gindinsu maimakon tsakiya, ba ta da ƙara sosai, ba ta naushin hannu, mace ma za ta iya riƙe ta. Abin da ya fi burge shi shi ne sabuwa ce fil, a watan aka fito da ita, mutane ma layi suke yi.

Na ce, "To, Maigida, an harba ta a gabanka?"

Ya yi dariya. "Madam, nan ba kasuwar Sabon Gari ba ce. A kwalinta take zuwa, ga waranti, takardar lamunin kamfani."

"In ta ƙi fa, za su karɓa?"

"Shago ba ya karɓar bindiga in ta fita. Kamfani ake aika wa."

Tun daga nan hankalina bai kwanta da ita ba. Abin da ba a gwada maka, ba a karɓa in ka mayar, kuma ba wanda ya riga ka amfani da shi, ban ga dalilin da zai sa in ɗora masa raina ba. Ya sayo akwatin ƙarfe mai makulli ya ɗaure shi da waya a saman wadirob ɗinmu, inda yara ba sa kaiwa. Wannan kam na yaba masa.

Daga nan kowace Asabar sai ya tafi wurin koyon harbi. Ya kan dawo ya shimfiɗa tsohuwar jarida a teburin cin abinci, ya warware bindigar, ya yi ta gogawa, ɗakin ya cika da warin wani mai kamar na wankin farce. In na ce yaya, sai ya ce lafiya ƙalau. Amma na san mijina. In abu ya yi masa daɗi ba ya cewa lafiya ƙalau, labari yake zubawa har abinci ya huce. Na kuma lura da ɗan yatsansa da filasta, da yadda yake zama gaban kwamfuta yana karanta abin da wasu masu irin bindigar ke rubutawa, ina shigowa ya rufe shafin.

Ranar da ya kai ni wurin harbin na gani da idona. Muka bar yaran wurin wata 'yar uwa a Lanham, aka toshe mana kunnuwa, aka ba mu tabarau, ya tsaya a bayana yana gyara min tsayuwa. Na harba ta tashi, na sake ta tashi, na uku na ja kunama na ji ƙyas, shiru. Ya ce in bar bakinta yana kallon gaba, kada in juyo, wani lokaci harsashin kan makara. Muka tsaya muna jiran bindiga ta yanke shawara. Ya karɓa ya fitar da harsashin, ga shaidar sara a gefensa, amma bai tashi ba. Muka ci gaba. Ba a jima ba kwanson harsashi ya maƙale a gefenta, rabi ciki rabi waje, ya zama sai da ya sa farce ya ɓanɓaro shi. Nan na gane inda filasta ta samo asali.

Wani dattijon Bature da ke layin kusa da mu ya leƙo ya dubi bindigar, ya girgiza kai. Ya ce shi ba ya sayen fitowar farko ta kowace bindiga, yana bari a yi shekara tukuna. Wallahi sai na ji kamar mahaifina ne ya yi magana da Turanci. Mijina ya yi masa murmushin da ba ya kai ciki.

Bayan haka aka shiga zaman neman mai laifi, kuma kowa ya samu rabonsa ban da bindigar. Da farko harsasan ne masu araha, aka sayo masu tsada. Sai aka ce ba ta saba ba, sai ta ci harbi da yawa za ta saki jiki. Sai aka ce mai ya yi yawa, daga baya aka ce ya yi kaɗan. A ƙarshe aka zo kaina, wai wuyan hannuna ne ba na ƙarfafawa. Na ce, "Yallaɓai, ɓarawon zai jira in ƙarfafa wuyan hannu?" Bai ji daɗi ba, ni ma ba don ya ji daɗi na faɗa ba.

Wajen ƙarshen shekara na lura an daina fita ranar Asabar. Jarida ta daina hawa tebur, warin man nan ya ɓace daga gidan. Ina dai kallo. Ana haka aka kira daga gida cewa za a yi wa Hajiya, mahaifiyarsa, aiki a ido, kuma tana son ya zo. Ba abin da za a ce, tafiya ta kama.

Ana gobe zai tashi, yana haɗa kaya, ya miƙo min ɗan makulli da ya zura wa zare. Ya ce in rataya a wuya, akwatin na nan, komai a shirye.

Na ce, "Wadda ke cijewa?"

"An gyara."

"Wa ya gyara?"

"Wanda ya san aikin."

"To buɗe in gani."

Ya ajiye rigar da ke hannunsa. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci irin na ranar ba, kuma a hankali ya yi maganar. Ya ce, "Ke komai sai kin gwada? In na ce na biya kuɗin wuta sai kin duba. In na ce na sa wa yarinya bel a mota sai kin ja. Ni mijinki ne ko ɗan kasuwa? Sau ɗaya dai ki karɓi maganata yadda na faɗa."

Maganar ta shige ni, domin akwai gaskiya a cikinta. Mutum ne zai tafi wurin mahaifiyarsa ba lafiya, ga ni ina yi masa tambayoyin 'yan sanda. Na ji kunya. Na rataya makullin, na yi wa kaina alkawari ba zan taɓa akwatin ba sai in dole ta sa. Zuciyata ta yi ta cewa tun yaushe aka gyara ban ji wari ba, me ya sa bai je ya gwada ba, shi da ke son nuna min in ya yi nasara. Na ce mata ta yi shiru. Sau da yawa bayan tafiyarsa na tsaya gaban wadirob da makullin a hannuna, in tuna fuskarsa, in mayar cikin riga. Kuma ba zan ɓoye ba, na samu natsuwa da sanin akwatin na sama.

Wata ranar Talata, bayan azahar, jaririya na barci, aka buga ƙofa da ƙarfi. Na leƙa ta labulen falo. Farar mota ce a bakin gida, ba rubutu ko ɗaya a jikinta. Ana yayyafi, mutumin ya ja hular rigarsa ya rufe kai, ba na ganin fuskarsa. Na yi tsit. Ya sake bugawa, ya kara fuskarsa da gilashin gefen ƙofa yana leƙe, sannan ya ja baya yana duban tagogin sama. Duk abin da maƙwabciyata ta faɗa, ga shi a gabana bi da bi.

Ban san yadda na hau bene ba. Na ja kujera na taka, makullin ya ƙi shiga sai da na riƙe shi da hannu biyu. A raina addu'a ɗaya nake yi, Allah Ya sa yau kada ta cije. Murfin ya buɗe. Na sa hannu na shafa soson da ke ciki daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kwalin harsasai ne kawai da ɗan burushin gogewa.

Ina tsaye kan kujerar na ji mutumin ya ɗaga murya yana kiran sunan mijina, yana lauya shi yadda Amurkawa ke yi, yana cewa saƙo ne, sai babba ya sa hannu. Na sauko, na buɗe ƙofa da sarƙa a jiki. Wani magidanci ne jiƙe sharkaf, da kwali a hammata da na'urar sa hannu. Da ya ga ina kallon motar ya ce ta haya ce, lokacin bukukuwa kaya sun yi musu yawa. Na sa hannu. Har ya ce min in wuni lafiya.

A teburin kicin na yanka kwalin. Jakar robar nan ce a ciki, bindigar na kwance, da wata 'yar alama ɗaure a jikinta. Daga kamfani ta dawo. Ashe tun lokacin da wari ya ɓace ba ta gidan.

Na zauna na yi kuka, kuka iri biyu a lokaci guda. Na gode wa Allah da akwatin ba komai, don ban san abin da zan aikata ba da na sauko da ita, ga bawan Allah yana neman abincin iyalinsa. Na kuma ji baƙin cikin da ban taɓa ji ba tunda na yi aure. Sau ɗaya aka roƙe ni in yarda ba gwaji, na yarda.

Da ya kira da yamma na tambayi jikin Hajiya, ya ce aiki ya yi kyau, na yi hamdala. Sannan na ce, "Saƙonka ya iso. Na sa hannu."

Na jiyo kukan akuya daga can gidansu. Ya ce kamfanin sun yi masa alkawarin bindigar za ta dawo kafin ya tafi, ba ta dawo ba. Ya ce bai so in kasa barci ba. Na ba shi labarin farar motar, da kujera, da soson da na shafa. Ya yi salati, ya ce, "Kin gani, ai gara da ba ta ciki."

Na ce, "Gaskiya ne. Amma ba kai ka tsara haka ba."

Bayan ya dawo ya kai ta wurin harbi, ya ce ta yi sauƙi, sai jefi-jefi take cijewa. Ban bi shi na gani ba, ban kuma sake rataya makullin ba. Daga baya ya rabu da ita, bai faɗa min ranar ba, ni ma ban tambaya ba.

Muna nan tare, yaran sun girma, kuma mutumin kirki ne, ban taɓa cewa ba haka ba. Amma har yau in za mu fita, muka shiga mota ya ce ya kulle ƙofa, sai in kwance bel in sauka, in je in murɗa hannun ƙofar da kaina. A da ya kan danna min oda yana tsokanata. Yanzu kashe motar yake yi, ya jira ni.