Kofin Kokon da Ya Hana Likita Aiki

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da na kai 'yata a cire mata haƙora a Jabi. In na tuna sai in yi dariya, daga baya kuma gabana ya faɗi.

Lokacin Abuja na tashe, ko'ina ka duba sabon gini, ni kuwa ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, muna zaune a Lugbe. 'Yata ta fari tana da shekara biyar, alewa ta gama da haƙoranta huɗu. Yarinya ce da ko kujerar likita ta gani sai ta tara mana jama'a da ihu, don haka aka ce sai an sa ta barci gaba ɗaya kafin a taɓa bakin. Wurin ba asibiti ba ne, ɗakuna uku ne na wani likitan haƙori a saman bene, wata likita daban ce ke zuwa ta yi aikin sa barcin. Ta ba ni takarda, ta kuma ja mini kunne: awa shida kafin aiki, kada wani abinci ya shiga cikin yarinya.

Matata tana jego, sai mahaifiyata, wadda ta zo mana daga gida, ta ce ita za ta raka mu. Mun hau titin filin jirgi ke nan da safe, na hango ta madubi Hajiya ta buɗe fulas tana tsiyaya koko. "Sha, ƙawata," in ji ta, "wa ke fita da yaro ciki ba komai?" Ina kallo yarinyar ta shanye tas har da lasar baki, kuma wallahi ban ce uffan ba. A gidanmu ba a nuna damuwa da ɗan fari gaban iyaye. Ko sunanta ba na kamawa in Hajiya na wuri, balle in hana ta ciyar da jikarta. Na lallashi kaina da cewa ai koko ruwa-ruwa ne.

Da muka isa, likitar ta tare mu da fara'a. 'Yar Filato ce, Hausarta irin ta Abuja. "Oga, yarinya ya ci wani abu yau?" Hajiya na zaune kusa da ni, na gyara hula na ce, "Ko kaɗan." Sai 'yar banzar ta ɗaga hannu kamar a aji: "Na sha koko! Hajiya ta ba ni, da suga!"

Likita ta rufe fayil ta ce yau babu aiki. Nan fa zuciyata ta hau. Da ƙyar na samu ogana ya ba ni ranar, ga cinkoson da muka sha a hanya, a ce kofi ɗaya ya rusa komai? Na fara faɗa, ita kuwa ko a jikinta. Ta ce mu biyo ta, ni da Hajiya.

Ta shigar da mu ɗakin aikin tana nunawa. Ga tukunyar iskar numfashi har biyu, ga na'urar da ke lura da bugun zuciya, ga ta zuƙe majina, ga janareto a shirye ko an ɗauke wuta, ga nas da aikinta kawai ta tsare yarinya har ta farka. "Duk wannan ni na shirya," ta ce. "Cikin yarinya kawai ban iya shiryawa, wannan aikinka ne. In ya yi barci, maƙogwaro ma ya yi barci. Koko zai dawo sama, ya faɗa huhu. Nan ba asibiti ba ne, oga. Kafin mu sauko da shi daga bene, mu sa a mota, mu wuce tashar Jabi..."

Hajiya ta juyo ta dube ni. "Kai, an gaya maka wannan?" Na ce an gaya mini. "Kuma kana kallona ina ba ta?" Na sunkuyar da kai. "To bokon naka na mene ne? Ka bari in halaka jikata da hannuna wai kana jin kunyata? Allah Ya shirye ka!" Ga ni ƙato da gemu ana wanke ni tas, nas ta juya baya tana danne dariya.

Bayan mako guda muka koma. Wannan karon Hajiya da kanta ta kafa kujera a ƙofar kicin tun da safe, ni ma ko shayi ban gani ba, wai kada yarinya ta ji ƙamshi. Aka yi aiki lafiya, ta farka tana nuna wa kowa giɓinta.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, akwai shirun da ba ladabi ba ne. Na ɗauka girmama mahaifiyata nake yi, ashe saura ƙiris in ɗora mata nauyin da ba za ta sauke ba har ta koma ga Allah.